Babi na Shida: Mujallar da Ba Ta Taɓa Shiga Maɗaba'a Ba

A shekarar 1996, lokacin da malaman jami'a da yawa a Turai ba su daɗe da mallakar adireshin imel ba, wasu masana labarin ƙasa a birnin Paris suka kafa mujallar da ba za a taɓa buga ta a takarda ba. Suka sa mata suna Cybergeo. Jagorarsu ita ce Farfesa Denise Pumain, wadda ta yi fice wajen nazarin yadda birane ke girma da yadda suke dogara da juna, tana amfani da lissafi da kwamfuta. Sharuɗɗa biyu suka gindaya, kuma har yau ba su sauya su ba: mai karatu ba zai biya ko sisi ba, marubuci ma ba zai biya ba. Duk wanda ya samu hanyar shiga intanet, a Liyon yake ko a Yamai, yana da ikon karanta kowace maƙala daga farko har ƙarshe.

A wancan zamani abin ya yi kama da ganganci. Darajar malami tana rataye ne da sunan mujallar da ta buga aikinsa, manyan sunaye kuwa duk na takarda ne, masu dogon tarihi. A Faransa akwai Annales de Géographie, wadda Paul Vidal de la Blache da Marcel Dubois suka kafa a 1891. A Ingila akwai Geographical Journal, ta ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan, mai ɗauke da wannan suna tun 1893. Matashin malami mai neman ƙarin girma yana da dalilin yin shakka: in ya miƙa aikin shekara uku ga mujallar da ba ta da bango, ba ta da wurin zama a kantar laburare, wa ya san ko kwamitin ƙarin girma zai lissafa masa ita? Wa ya tabbatar masa shafin zai kai baɗi? Waɗanda suka kafa Cybergeo sun gane cewa maganin wannan shakka ɗaya ne, wato tsanani wajen tantancewa. Kowace maƙala sai ta bi ta hannun masana da ba a bayyana wa marubuci sunayensu ba, su yi mata gyara ko su mayar da ita, daidai da yadda tsofaffin mujallu ke yi. Takarda kawai suka jefar, ba su jefar da ƙa'ida ba.

Kafin a ga girman abin da suka yi, sai an san yadda kasuwar mujallun ilimi take tafiya, domin kasuwa ce da ba ta da irinta. Malami ya yi bincike da kuɗin gwamnati ko na wata gidauniya. Ya rubuta maƙala, ya ba mujalla kyauta, sau da yawa har da haƙƙin mallakarta. Wasu malamai biyu ko uku su tantance ta, su ma ba a biyansu. Editocin kansu galibi malaman jami'a ne, albashinsu daga jami'a yake fitowa. Daga nan kamfanin ɗab'i ya tattara aikin, ya tsara shafuka, ya sayar wa laburaren jami'o'in nan da kuɗin shekara mai nauyi. Tamkar manomi ne ya noma geronsa, ya sussuke, ya kai wa ɗan kasuwa kyauta, sannan da damina ta yi tsakiya ya koma wurinsa ya auna da tsada.

Ba ƙaramar riba ake samu a ciki ba. Elsevier, mafi girma a kamfanonin, ya shekara da shekaru yana cin ribar da ta haura kashi 30 cikin 100 na kuɗin da ke shigo masa. Wani bincike da Vincent Larivière da abokan aikinsa na Montreal suka fitar a 2015 ya nuna cewa kamfanoni biyar kacal ne suka buga fiye da rabin maƙalun da aka lissafa na shekarar 2013, a fannonin nazarin zamantakewa kuwa rabonsu ya kai wajen kashi 70. Labarin ƙasa yana cikin waɗannan fannoni, kuma kusan duk manyan mujallunsa na Turancin Ingilishi suna hannun Wiley, Elsevier, Sage ko Taylor & Francis. Sanarwar Budapest, wadda ta zama tutar masu neman a buɗe ƙofar ilimi, sai a Fabrairun 2002 ta fito. Cybergeo ta riga ta da shekara shida.

Akwai kuma dalilin da ya sa labarin ƙasa, fiye da tarihi ko falsafa, ya ƙosa da takarda. Wannan ilimi da taswira yake magana, taswira kuwa tana son launi da fili. A mujallar takarda launi tsada gare shi, don haka a kan matse taswirar ruwan sama ta yanki guda a rabin shafi, baƙi da fari, a bambanta shiyyoyi da ɗigo-ɗigo da layi-layi har ido ya gaji. A allo babu wannan takura. Marubuci zai sa taswira ashirin in aikin ya buƙata, mai karatu ya faɗaɗa wadda yake so har ya ga ƙauyuka. Babu kuma jiran fitowa ta gaba: ranar da maƙala ta kammala, ranar ake ɗora ta.

Daga nan mujallar ta yi ta ƙara ɗakuna. A 2007 ta koma dandalin Revues.org, wanda Marin Dacos ya fara a 1999 kuma yanzu ake kira OpenEdition, inda ɗaruruwan mujallun nazarin zamantakewa suke zaune tare a ƙarƙashin kulawar cibiyoyin gwamnatin Faransa. Wannan ya amsa tambayar nan ta ko shafin zai ɗore. Ta buɗe sashe na musamman inda abin da ake bugawa ba sakamakon bincike ba ne, ainihin bayanan da aka tattara ne, tare da bayanin yadda aka tattara su da inda suke da rauni, domin wani ya ɗauka ya yi nasa aikin. Ta buɗe wani sashen na tsare-tsaren kwamfuta da ake kwaikwayon girman birni ko yaɗuwar wani abu da su, inda dole marubuci ya ajiye tsarin nasa a fili kowa ya gwada. Tana karɓar maƙala da harsunan Turai dabam-dabam, tana kuma fassara taƙaitaccen bayanin maƙalu zuwa Ingilishi da Sifaniyanci da Sinanci. A ganina sashen bayanan nan shi ne mafi muhimmanci, ko da yake ba shi ake yawan ambata ba. Maƙalar da aka ɓoye alƙalumanta cewa take yi a yarda da ita. Wadda ta shimfiɗa su ta ba ɗalibin digiri na biyu a Zariya ko Damagaram damar ya sake lissafin da kansa, ya kama kuskure in akwai.

Masu aiki da hotunan tauraron ɗan'adam sun ga irin wannan sauyi da idonsu. Kafin 2008 hoto guda na Landsat dala ɗaruruwa ake sayar da shi, mai son ya bi sauyin tafkin Chadi na shekara talatin sai ya tanadi kuɗin mota. Da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta mayar da taskar kyauta a waccan shekara, hotunan da ake saukewa suka tashi daga dubbai zuwa miliyoyi, aka kuma fara irin binciken da a da ba wanda zai yi tunaninsa.

To amma sabuwar maƙala rabin labari ce. Sauran rabin yana cikin tsofaffin kundaye, kuma nan ne abin ya taɓo mu kai tsaye. A 2005 ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Faransa ta ƙaddamar da Persée, aikin da ke zaune a Liyon, wanda ke ɗaukar tsofaffin mujallu shafi bayan shafi, ya ɗauki hotonsu, ya mayar da rubutun yadda kwamfuta za ta iya laluben kalma a cikinsa, ya ɗora kyauta. Annales de Géographie ta shiga, tun daga kundayenta na ƙarni na 19. Les Cahiers d'Outre-Mer ma ta shiga, mujallar da aka kafa a Bordeaux a 1948 musamman don nazarin ƙasashe masu zafi, akasarinsu waɗanda Faransa ke mulka a lokacin. A gefe guda, cibiyar bincike ta ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ta buɗe taskar littattafanta da rahotanninta.

Abin da ke cikin waɗannan taskoki game da ƙasar Hausa ba kaɗan ba ne. Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin al'ummar kwarin Maraɗi. Claude Raynaut da abokan aikinsa daga Bordeaux sun bi gonakin jihar Maraɗi a shekarun 1970 da 1980, suna auna yadda filin noma ke ƙarewa, yadda saura ke raguwa, yadda gandu ke rarrabuwa zuwa ƙananan gonaki. Emmanuel Grégoire ya fitar da littafinsa kan alhazan Maraɗi a 1986, inda ya bi asalin dukiyar manyan 'yan kasuwar garin tun daga cinikin gyaɗa har zuwa fataucin kaya ta kan iyakar Nijeriya. Manoma da fatake ne suka ba da lokacinsu, suka zauna ana yi musu tambayoyi, suka nuna iyakokin gonakinsu. Amsoshinsu suka tafi Bordeaux da Paris, aka ɗaure su a kundi, kundin ya zauna a kanta. Shekaru da yawa jikan wanda aka yi wa tambayar, ko da ya kai jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, samun kundin sai an yi sa'a. Yau abin da aka ɗora daga cikin waɗannan ayyuka yana iya buɗe shi a wayarsa. Ban ɗauki wannan a matsayin kyauta daga Faransa ba. Bashi ne aka fara biya, a makare.

Sai dai wata iyaka ta rage wadda intanet bai share ba. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Gero ɗaya ake nomawa, harshe ɗaya ake yi a kasuwar Jibiya da ta Ɗan Isa, gulbi ɗaya ne ya ratsa ƙasashen biyu. Amma abin da aka rubuta kan arewacin iyakar da Faransanci yake, na kudanci da Ingilishi. Ɗalibin Katsina kan rubuta kundi guda kan ƙarancin filin noma bai taɓa jin sunan Raynaut ba, takwaransa na Maraɗi kuma bai san abin da aka gano a karkarar Kano ba. Da sassan labarin ƙasa na jami'o'in arewacin Nijeriya za su wajabta wa ɗaliban babban digiri iya karatun Faransanci, ko da ba su iya magana ba, da sun ninka musu laburare ba tare da an sayi littafi ko ɗaya ba.

Wani zai ce me za a yi da maƙalar da ta shekara tamanin ko casa'in. Labarin gurgusowar hamada ya isa amsa. A 1934 wani farfesan gandun daji daga Edinbara, E. P. Stebbing, ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da rani. Ya ga rairayi, ya ga itatuwa a bushe, ya koma gida ya buga maƙala a Geographical Journal a 1935 yana gargaɗin cewa Sahara na tahowa kudu, kimanin kilomita guda kowace shekara a ƙiyasinsa, kuma laifin na manoma da makiyaya ne masu sare daji da ƙona shi. Ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar itatuwa ta tare ta. Maganar ta tayar da hankalin hukumomin mulkin mallaka har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin ƙwararru, wanda ya bi kan iyakar a 1936 da 1937. Kwamitin bai samu hujjar cewa hamada na tafiya gaba ɗaya kamar rundunar yaƙi ba. Ya ga wuraren da ƙasa ta lalace saboda yadda ake amfani da ita, ya kuma ga wuraren da itatuwa ke dawowa. Brynmor Jones, masanin duwatsu da ke cikin tawagar, ya bayyana haka a mujallar nan dai a 1938, Dudley Stamp ma ya goyi bayansa a Geographical Review a 1940.

Gargaɗin Stebbing ya rayu, raddin da aka yi masa ya kwanta a kundi. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 maganar ta dawo da ƙarfinta, da alƙaluman kilomita kaza a shekara da ake ta maimaitawa a jawabai ba tare da an tambayi inda aka auno su ba. A 1991 Compton Tucker da abokan aikinsa suka nuna da hotunan tauraron ɗan'adam cewa bakin hamadar gaba yake yi ya dawo baya gwargwadon ruwan kowace shekara. A jihohin Maraɗi da Damagaram kuwa manoma da kansu suka rayar da itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassabin zamani, suna barin tohon kututture ya girma maimakon su sare shi. Gray Tappan da Chris Reij da abokan aikinsu 'yan Nijar sun ƙiyasta filin da abin ya shafa da kimanin hekta miliyan 5. Wanda ya bi hanyar Matamai zuwa Magarya ya ga gawo a gonaki ya san ba zance ba ne. Ba ina cewa ƙasa ba ta lalacewa ba. Duk wanda ya je arewacin Yobe ya ga tuddan rairayi a bakin gari ba zai faɗi haka ba. Abin da nake cewa shi ne, lokacin da Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar katangar itatuwa a 2007, shawarar tana da kaka tun 1935, kuma an taɓa yin muhawara mai zurfi a kanta a kan wannan ƙasa tamu. Jami'in ma'aikatar muhalli a Dutse ko Damaturu, da ɗan jaridar da zai yi masa tambaya, sun cancanci su karanta ɓangarorin biyu.

Samun su fa? Tsofaffin kundayen Geographical Journal suna taskar JSTOR ta Amurka. A yi mata adalci: a 2006 ta ɗauke wa cibiyoyin ilimi na Afirka kuɗin shiga, mutum shi kaɗai ma yana iya yin rajista ya karanta wani adadi a wata. Akwai kuma shirin Research4Life, wanda ya faro da mujallun lafiya a 2002 ya ƙaro na noma da na muhalli. Duk sun taimaka. Amma rangwame ne da ake bi ta hannun cibiya, da lambar sirri da ke wurin ma'aikacin laburare, kuma wanda ya bayar yana iya janyewa. Persée ba ta tambayar kowa ko shi wane ne.

Yanzu sai mu zo inda lamarin ya karkace. Da kiran a buɗe ƙofa ya yi ƙarfi, musamman bayan manyan masu ba da kuɗin bincike a Turai sun fito da shirin da suka kira Plan S a 2018, kamfanonin ɗab'i ba su yi gardama mai tsawo ba. Suka ce to, kowa ya karanta kyauta, amma marubuci ya biya kuɗin bugawa. A manyan mujallu kuɗin maƙala guda yakan kai dala dubu biyu, dubu uku ko fiye; mujallar Nature ta sa nata a yuro 9,500 a 2021. Ga malami a Jamus ko Holan wannan ba damuwarsa ba ce, domin jami'o'in ƙasarsa sun ƙulla yarjejeniya da kamfanonin, ba ya ma ganin takardar kuɗin. Ga malami a Sakkwato, kuɗin maƙala ɗaya na iya cinye albashin watanni masu yawa. Akwai yafiya ga wasu ƙasashe, gaskiya ne, amma jerin sunayen yana sauyawa, wani lokaci ragi ne kawai ba yafiya ba, kuma sai mutum ya rubuta ya roƙa.

Wannan ya fi tsohon tsarin haɗari ta wata fuska, kuma a labarin ƙasa haɗarin ya fi fitowa fili. A da an hana mu karanta abin da aka rubuta a kanmu. A sabon tsari muna iya karantawa, amma wanda ke da kuɗin bugawa shi ne zai yi bayanin tafkin Chadi da dausayin Haɗeja da Nguru ga duniya, wanda ya tashi a bakin ruwan kuma ya zama mai karatu, ko a sa sunansa na huɗu a jerin marubuta saboda shi ya raka baƙi ƙauye. Ba mu kaɗai ne muka ga aibin ba. A 2023 editocin Journal of Biogeography, mujallar nazarin yadda tsirrai da dabbobi suka bazu a doron ƙasa, suka shiga takun saƙa da kamfanin Wiley. Da yawansu suka dakatar da aiki, daga baya suka ajiye muƙamansu, kuma tsadar kuɗin bugawa ga masu bincike na ƙasashe marasa ƙarfi tana cikin manyan koke-kokensu.

Tsarin marubuci ya biya ya kuma haifar da 'yan damfara: mujallun bogi masu manyan sunaye, da ke aiko da saƙon imel suna alkawarin bugawa cikin mako biyu in an tura kuɗi. Malaman da ƙa'idar ƙarin girma ta matsa wa lamba su ne abincinsu, kuma jami'o'inmu sun yi asarar ayyuka masu kyau a cikin irin waɗannan ramuka, inda ba mai karantawa, ba mai ambata.

Shi ya sa nake ganin hanyar Cybergeo ta fi cancanta a yi nazarinta a nan fiye da ta manyan kamfanoni. Ba wai ba a kashe kuɗi a kanta ba ne. Akwai ma'aikatan da ke tsara maƙalu, akwai na'urorin da ke ajiye su, akwai masu kula da dandalin. Cibiyar binciken kimiyya ta ƙasar Faransa, CNRS, da jami'o'i su ke ɗauke da wannan nauyi, kamar yadda suke biyan kuɗin ɗakin gwaji da albashin malamai. OpenEdition ta ƙara da wata dabara tun 2011: karatu a shafi kyauta ne ga kowa, laburaren da ke son ƙarin hidima, kamar sauke maƙalun wasu mujallu a tsarin PDF, ya biya, kuɗin ya koma wa mujallun. Kudancin Amurka ma ta bi irin wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1990 da dandalin SciELO na Brazil. Finlan ta yi haka da Fennia, mujallar ƙungiyar masana labarin ƙasarta da ta faro a 1889, wadda yanzu take kyauta ga mai karatu da marubuci. Duk inda abin ya yi aiki, hukuma ce ta yarda cewa bugawa wani ɓangare ne na binciken, ba kaya ba ne da za a miƙa wa ɗan kasuwa.

Mu ma muna da kundayen da ke jiran irin aikin Persée. Michael Mortimore ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, ya koma Jami'ar Bayero a 1979 a matsayin farfesan labarin ƙasa. Aikin da ya yi da J. Wilson a 1965 kan karkarar Kano mai cunkoson jama'a, sashen labarin ƙasa na Zariya ne ya buga shi. A ciki da ayyukan da suka biyo baya ya nuna yadda manoman kewayen birni ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kaiwa, suna kuma kare itatuwan gonakinsu. Wannan ya ci karo da ra'ayin da ke cewa yawan jama'a dole ya kashe ƙasa. Shekarun da ya yi yana komawa ƙauyen Dagaceri tun daga farin 1970 da wani abu su suka haifi littafinsa na 1989 kan yadda manoma ke jure fari. Littafin Kambirij ce ta buga, ana samunsa. Amma ƙananan takardun sashen, da mujallar Savanna da Zariya ta fara fitarwa a 1972, da Nigerian Geographical Journal da ta faro tun shekarun 1950, da ɗaruruwan kundayen digiri masu ɗauke da ma'aunin rijiyoyi, farashin hatsi da taswirar gonaki na shekarun da ba za su dawo ba, yawancinsu takarda ce a kanta, ga ƙura ga gara ga ɗigar rufi. Mai nazarin sauyin yanayi a yau ba abin da yake nema kamar ma'aunin da aka yi shekara hamsin da suka wuce a wuri sananne, don ya koma ya sake aunawa.

Dandalin ɗorawa ba shi ne matsala ba. African Journals Online, wanda aka fara a 1998 kuma yake gudana daga Afirka ta Kudu tun 2005, yana ɗauke da mujallu sama da 500, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a ciki, Ghana Journal of Geography ta Jami'ar Ghana da ke Legon ma tana nan kowa na karantawa. Abin da ya rage aiki ne na haƙuri. Sai an nemo cikakken jerin kowace mujalla, domin da wuya a samu laburare ɗaya da ke da dukkan fitowa. Wata tana Zariya, wata Ibadan, wata sai Landan. Sai an warware maganar haƙƙin mallaka da jami'a ko ƙungiyar da ta buga. Taswirorin da aka naɗe a bayan kundi suna buƙatar babbar na'urar ɗaukar hoto, ba irin ta shagon kwafi ba, in ba haka ba ma'auninsu ya ɓaci su zama ado. Sannan kowace maƙala a rubuta mata suna, marubuci, shekara da wuraren da ta shafa, da sunayen garuruwa yadda aka rubuta su a da da yadda ake rubuta su yanzu, domin wanda ya nemi Damagaram ya samu abin da aka ajiye a ƙarƙashin Zinder. Asusun TETFund ya riga yana ba jami'o'i tallafin buga mujallu da na inganta laburare. Ma'aikata uku ko huɗu na dindindin a Laburaren Kashim Ibrahim da ke Zariya, da na'ura mai kyau da wutar da ba ta yankewa, za su iya gama Savanna su shiga takardun sashen labarin ƙasa, daga na Mortimore da Wilson na 1965 zuwa gaba.